Uda Yurnalis da Layin Tarhon Makarantarmu

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar Azahar, Uni Marlis ta kira ni daga Padang ta ce mijinta, Uda Yurnalis, ya cika (a wajenmu Uda yaya ne namiji, Uni kuma yaya mace). Ciwon ƙoda ne da ya shekara biyu yana ɓoye mana. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Uda, gwanayen kwamfuta da yawa za su yi rubutu a kanka, waɗanda ka koya wa manhajar Linux a bayan shagonka duk Asabar, kana raba musu faifai kyauta, kana yi wa duk wanda ya ce abin ya fi ƙarfinsa faɗa. Ni ba na cikinsu. Malamar lissafi ce ni a wata makarantar kan tudu, tafiyar awa uku daga Padang, kuma har ka bar duniya kana tsokanata cewa yatsu biyu kaɗai Allah ya ba ni na buga rubutu.

A shekarar 2000 ka kawo wa makarantarmu wata tsohuwar kwamfuta, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da modem, ɗan akwatin nan da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. A shagonka ka saita komai. Ranar da ka kawo su ruwa ya tsinke layinmu, don haka ba a gwada ba, ka ce sai ka dawo.

Kafin ka dawo wasiƙa ta zo. 'Yata Elfira tana da shekara biyar a lokacin, zuciyarta da rami tun haihuwa, ba ta iya hawa matakala uku sai leɓɓanta sun canza launi. Wata ƙungiyar likitoci za ta yi wa yara ashirin aiki a Jakarta, sun ce a aiko da takardun gwajinta ta imel kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Wasiƙar ta yi kwanaki a gidan waya, sai hantsin Alhamis ɗin ta iso hannuna, motar Padang kuwa tun asuba ta wuce. Na ɗauki hoton takardun, na danna yadda ka nuna mini, modem ya yi 'yan ƙararrakinsa ya yi shiru. Sau shida.

Layi ɗaya ne a makarantar. In ina magana da kai modem ba zai kira ba, in yana kira kai ba za ka ji shi ba. Da na kira ka na gaya maka abin da ake ciki sai ka ce, "Gusniar, bar kuka tukuna, hawaye ba ya danna komai. Kar ki sake kirana, ni zan riƙa kiranki."

Haka aka yi. Ka kira, ka sa na buɗe baƙin allon nan na kwamfuta da nake tsoro, na karanta maka abin da ke ciki harafi-harafi, na ajiye, na gwada, ya ƙi. Bayan kusan awa guda ka sake kira, muka duba kebul da lambar da ake kira, ya ƙi. Raina ya ɓaci da jinkirinka tsakanin kira da kira, har a zuciyata na ce kana can kana sallamar masu saye, ni da 'yata ko oho. Allah ya yafe mini wannan zato.

A kira na uku ka ce, "To yi mini kukan modem ɗin da bakinki."

"Uda, wasa ka mai da ni?"

"Wallahi da gaske nake. Yi mini, ba mai jinki sai ni."

Shugaban makaranta na tsaye a kaina, amma na rufe ido na yi: ti, tu, ta, ti. Ka ce, "Daga nan fa?" Na ce daga nan shiru.

"Wannan tarhon da ke hannunki, dannawa ake ko juyawa?"

"Juyawa mana, tun zamanin kakana."

"Kai! Ni ne sakaran, ba ke ba. Na saita shi da layin birni."

Ashe tashar tarhon garinmu tsohuwa ce, ba ta gane kira da sauti, sai ƙas-ƙas irin na tarho mai juyawa. Ka sa na nemo wurin da aka rubuta ATDT a allon, na mai da shi ATDP, don modem ya kira da ƙas-ƙas. Ka ce in na gwada kar in taɓa tarhon, in ka kira ka ji layi a cike, ka san an dace. Wajen ƙarfe biyu modem ya yi ƙas-ƙas ɗinsa, ya tsandara wani ihu mara daɗi, ya kama. Minti arba'in takardun suka ɗauka kafin su wuce. Sunan Elfira ya shiga cikin ashirin ɗin.

Shekara ashirin da biyar ina ba da labarin nan a matsayin labarin mai kunne da haƙuri, kai kuma kana dariya kana cewa in maimaita kukan. Sai a wurin zaman makoki Uni Marlis ta gaya mini sauran. Ta ce da zarar na ajiye kiran farko da na yi maka sai ka rufe shago, ka ɗaure wani modem da kayan aiki a bayan babur, ka kama hanyar garinmu cikin ruwa. Duk kiran da ka yi mini daga rumfunan tarho na bakin hanya ka yi su. Na ƙarshen, wanda ka ji layi a cike, saura tafiyar minti ashirin ka iso makarantar. Ka tsaya a rumfar kana sake kira har ka tabbata saƙo ya wuce, sannan ka juya gida jiƙe sharkaf. Da ta tambaye ka me ya hana ka ƙarasa ko shayi ka sha, sai ka ce, "In na je za ta ce ni na yi. Bar ta ta san da hannunta ta yi wa 'yarta."

Uda, na ji ciwon rashin sanin nan, don ban taɓa yi maka godiyar da ta kai ba, kuma yanzu babu hali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Uni Marlis, da 'ya'yanku Hendrizal da Yosi, da duk ɗalibanka na ranar Asabar. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya saka maka da Aljanna Firdausi. Elfira ta ce in gaya wa Uni tana nan tafe ranar addu'ar bakwai, za ta zo da 'ya'yanta biyu su san gidan.