Dutsen Da Ya Ci Sunan Ɗana Na Fari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari. A daminar da aka zuba wa layinmu na Unguwar Shanu kwalta ne, bayan na aurar da autata da salla ɗaya. 'Yarsa Binta ke rubutawa, amma bakin nawa ne.

Ni 'yar gidan kunya ce. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. "Wannan" nake ce masa ya amsa, har ya yi furfura a ofishin safiyo.

Shi da abokansa ana turo musu hotunan sama a kwamfuta, su yi ta ƙura ido suna neman ɗigon da ya gusa. Wata Asabar ya shigo da murna, wai ya ga dutsen da ba wanda ya taɓa gani, cikin tarin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin wasu duniyoyi biyu.

Na ce, "To yaushe suna, mu nemi rago?"

Ya yi dariya. "Inna, ba a yi masa bakwai. Sai an bi shi shekaru an tabbatar da hanyarsa. In lokacin ya yi, ke za ki zaɓa."

"Ni da ban zaɓi naka ba?"

"Faɗa ma ba ki taɓa yi ba," in ji shi, cikin wasa. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, marar ta ido.

Bai ga ranar ba. Bara abokansa suka zo har tsakar gida, suka ce hanyar dutsen ta tabbata, shekara huɗu da wani abu yake yi kafin ya gama zagaye, kuma an sa masa sunan marigayi. Suka roƙe ni in faɗi sunan sau ɗaya su ɗauka a waya. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya jiƙan wannan."

Ban ce tarbiyyarmu kuskure ce ba. Amma in na ji Binta tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa gatsau, nakan ce da mahaifinta yana nan me zai yi? Dariya zai yi, ya saci kallona. Sunansa yana can sama, waɗanda ba su san Kaduna ba suna karantawa. Bakina kaɗai bai shiga ba.

Cikin waɗanda suka ci naman sunansa saura mu biyu, ni da ƙanwata Ladi ta Kurmin Mashi. Ita ba ta kunyarsa. In ta zo nakan ja ta da hirar da can har ta faɗi sunan, ni kuma in sunkuya kamar ina tsince shinkafa.