Amare Marasa Kai a Shafin Kawu

Kawuna mai hoto ne tun yana saurayi, kuma abin alfaharinsa ɗaya: bai taɓa yanke wa mutum kai a hoto ba. Da ciniki ya koma waya, ya zauna a shago ya koya wa kansa haɗa shafin intanet. Ya jera hotunan biki birjik, ya tsara shafin ya riƙa buɗewa a kwamfuta, ya tsuke a waya. Shi kuwa wayarsa mai maɓalli ce, a kwamfutar shago kawai yake dubawa.

Ya tura wa matarsa da ƙannensa da amininsa tela. "Ku duba a wayoyinku, ku faɗa min gaskiya, kar ku ji nauyina."

Kowa ya ce, "Kai, ya yi kyau!"

Watanni shiru, ba mai kira. Rannan wata mata ta zo hoton fasfo, ta miƙa masa wayarta tana dariya. "Baba, me ya sa amarenka ba su da kai?" Ashe in shafin ya tsuke, saman kowane hoto yake datsewa.

Ya faɗa shagon tela da wayar matar nan a hannu. "Ka ga wannan?"

Tela ko ɗagowa bai yi ba. "Duk mun gani mana. Irin wahalar da ka sha, wa zai iya faɗa maka?"

Kawu ya gyara shafin a ranar. Amma har yau, in matarsa ta ce riga ta yi masa kyau, madubi yake nema.