Baƙon Tsoho a Bencin Gabana

Yau Lahadi wani baƙon tsoho ne zaune gabana a cocinmu na Gusau. Laka har ƙwauri, da alama daga wajen Bungudu ya taso. Ya tallafe kunne da tafin hannu, ya miƙa wuya wajen fasto, ko motsi ba ya yi.

Mu kuwa 'yan gari, masu kunnuwa kamar na zomo, hira muke zubawa a bayansa. Haba jama'a, kasuwa ce? Bawan Allah ya sha tafiya don ya ji Kalmar Allah, mun cika masa kunne da shirme!

Can sai ya waiwayo a natse.

"Ɗana, me fasto ya ce mu yi?"

Na buɗe wannan bakin nawa da ba ya gajiya, sai na tarar ko kalma ɗaya ta wa'azin ban ji ba.