Sunan da Ticha ya laƙaba wa Yaya Sule

Washegarin Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, muka tashi muka tarar da rediyon Baba a warwatse kan tabarma a tsakar gidanmu na unguwar Nima. Yaya Sule na zaune a gabanta da tsinin wuƙa, yana jera ƙusoshi a murfin gwangwani. Naman layya na kan wuta, mu yara muna layin famfo da bokitai, amma kowa ya bar abin da yake yi ya zo kallo. Ticha Kwaku, ɗan hayan ɗakin ƙarshe, ya leƙo da asuwaki a baki ya ce, "Wannan yaro vandal ne."

Harshenmu bai iya kalmar ba, muka mayar da ita Bandal. Da yamma Ticha ya tara mu, don shi ba ya faɗin kalma ya bar ta ta huta. Ya ce sunan wata ƙabila ce ta Turai da ta shiga birnin Rum ta washe shi, shi ya sa Turawa ke kiran duk mai lalata kayan jama'a da sunanta. Kafin mako ya zagayo Yaya ya harhaɗa rediyon, har ta fi da ƙara. Wannan kam ba wanda ya tara mu ya yi mana bayaninsa.

Ba abin da Yaya yake so a duniya kamar gyara. Da ya gama makaranta, Umma ta ƙulle goro a ganye, ta haɗa da lemon kwalba, ta kai shi wurin wani mai gyaran rediyo a unguwar Maamobi, yadda ake kai yaro koyon sana'a. Suna tsaye yaran layi suka hango shi suka hau kiran sunan. Mutumin ya san ma'anarsa. Ya turo goron ya ce, "Hajiya, kayan mutane ne a nan. Kai shi wani wuri."

Wani wurin ya zama Agbogbloshie, jujin da ake zubar da tsofaffin kayan lantarki. Can ya ƙare da guduma, yana farfasa tsofaffin talabijin, yana ƙona waya don jan ƙarfe, har hayaƙi ya cinye masa ƙirji.

Yanzu an toshe famfon, Ticha ya daɗe da tashi, amma in aka tuno Yaya a unguwa sai ka ji an ce marigayi Bandal. A da nakan tsaya in ce Sule ne sunansa. Wallahi na gaji. Rediyon tana kan tagata, kuma har yau in na murɗa sai ta yi magana.