Malam Hamisu, mutumin da ya karanta safata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune gaban murhun gawayi da ƙonanniyar safa a hannu.

Laifina ne. Na wanke ta bayan asuba, ta ƙi bushewa, lokacin aiki yana ta matsowa. Sai dabara irin ta wanda ya tsaya a fom tu ta zo mini, na rataye ta a sanda bisa murhun da uwargida take dafa ruwan koko. Na juya in ɗauko takalmina but, kafin in juyo diddigen ya tafi. Ƙauri ya cika tsakar gida.

Ina nan ina shirya ƙaryar da zan kai wa mai safar, cewa kayan bana ba su da ƙwari, sai babbar 'yata Rukayya ta fito da waya a hannu.

"Baba, Malam Hamisu mai safa ya rasu. Yanzu 'yarsa ta kira ni."

Mutumin da nake shirya wa ƙaryar ke nan.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Ni ba marubuci ba ne, duk wanda yake bibiyata a nan ya san barkwanci ne jarina. Amma yau ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Wanda yake bin titin Gyaɗi-Gyaɗi ya san teburinsa, ƙarƙashin wata lema da rana ta cinye launinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kafin teburin nan shekara ashirin da huɗu ya yi a masaƙa. Aikinsa duba yadi. Yadi yana wucewa ta gabansa, shi kuma yana neman inda zare ya tsinke ko ya yi kuskure. Da aka rufe masaƙar bai zauna zaman majalisa ba, ya kafa tebur.

Ni kuwa gadi nake yi a wani ofis a Tarauni. Bakwai na safe zuwa shida na yamma, a tsaye, cikin but. Saboda yunifom ɗin yake kirana Kwamanda.

Ba zan ɓoye muku ba, a wancan lokacin ƙafata tana da suna a unguwa. In na cire but a ƙofar masallaci, sahu yakan buɗe mini dama da hagu. Liman yana ta cewa a cike gurbi, ba mai matsowa. Uwargida ma doka ta kafa, but a soro yake kwana.

Baƙar safa ta roba nake saya a wurinsa, mai arha. Ran nan ya miƙo mini wata.

"Kwamanda, taɓa wannan. Ta bambu ce."

"Mene ne kuma bambu?"

"Gora."

"Gorar da ake tsani da ita? Malam, ƙafata ka raina ko aljihuna?"

Bai yi dariya ba, shi ba ya saurin dariya. Ya ce ba fere gorar ake yi a zura wa mutum ba. Niƙa ta ake yi, a dafa da sinadarai har ta koma kamar kunu, sannan a ja zare. "Saboda haka duk wanda ya ce maka daga daji aka tsinko ta, ciniki yake nema."

Na ce ni dai auduga na sani, ita kakannina suka saƙa.

"Audugar ma ba ita kake sawa ba, leda kake sawa. Amma bari ƙafarka ta raba mana gardama."

Ya ɗauko ta auduga, ya ɗauko ta gora, duka farare. Ya ce dama auduga, hagu gora, kwana bakwai, kada in musanya. Ranar ta bakwai in kawo masa waɗanda na cire, kafin in wanke.

Na ce, "Kafin in wanke? Malam, kana da iyali fa."

"Kawo dai."

"To me ya sa farare? A cikin but?"

"Baƙar safa munafuka ce, Kwamanda. Duk abin da ta gani rufewa take yi."

Mako guda ina yawo a Tarauni da ƙafafu biyu masu ra'ayi daban-daban. Gaskiya kafin la'asar ta dama ta jiƙe sharkaf tana manne mini, ta hagu kuwa da sauƙi, ga laushi. Ranar ta bakwai na zo da jawabina a shirye, har da misalai.

Ko saurarona bai yi ba. Ya karɓi safar ya juya cikinta waje, ya ɗaga ta saitin rana, yana bin ta da yatsa a hankali kamar mai karatun allo. Ya ajiye ta gorar. Ya ɗauki ta audugar, sai ya tsaya.

Wani tabo ne kamar ƙwayar wake, daidai ƙasan babban yatsa.

"Cire but."

A bakin titi, da yunifom ɗina, na zauna a benci ya ɗora ƙafata a gwiwarsa. Ya danna wurin da babban yatsansa.

"Ka ji?"

"Me zan ji?"

Ya kalle ni. Ya zura hannu cikin but ɗin, ya lalubo tsinin ƙusa. Ni na buga ta da kaina lokacin da tafin takalmin ya ɗage, don ƙyashin kuɗin shumeka. Allah kaɗai ya san kwana nawa tana cin namana ban sani ba.

Makon komawa makaranta ne. Wanda ya san sana'ar safa ya san wannan makon shi ne kakarsu, iyaye a tsaye suna neman farar safar yara. Malam Hamisu ya ba su haƙuri, ya ja tamfol ya rufe tebur, ya tare mana Adaidaita.

Na ce, "Malam, ɗan wannan ciwon? In na shafa man zafi..."

"Shiga."

A asibiti aka ce suga ne, ya daɗe a jikina, har ya fara kashe mini jin ƙafa. Ciwon kuma ya fara ruɓa ta ciki. Muna kan layi na ga wani bawan Allah da sanduna biyu, an naɗe ƙafar wandonsa ɗaya an soke da fil. A nan barkwancina ya ƙare. Mai gadi da ƙafa yake ci. Rukayya tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya, ga ƙannenta huɗu a baya.

Ita Rukayyar ta fi shekara tana roƙona in bari ta gwada jinina. Amsata kullum ita ce, mutumin da yake shan shayi da suga cokali huɗu bai taɓa faɗuwa ba, me za a gwada? Da ta zo asibitin wuce ni ta yi. Malam Hamisu ta durƙusa ta gaida.

Wata biyu ana wanke ciwon. Yau ga ƙafata nan, yatsu biyar cif, na ƙirga su da safe.

Da na warke sai na zama ɗan talla ba a ɗauke ni aiki ba. Duk majalisar da na zauna, safar gora ce ta ceci ƙafata. Labari ya koma masa, ya aika a kira ni.

"Kwamanda, kada ka yi mini talla da ƙarya. Safa ba magani ba ce, likita ne ya yi aikinsa. Tabon ma a jikin audugar na gan shi."

Ku duba fa. Mutum ana kawo masa kasuwa yana korarta.

Shi kansa har ya koma ga Allah auduga yake sawa. Yakan ce ita ta ciyar da shi, ta aurar da 'ya'yansa, ba zai yi mata butulci ba. A wurinsa na koyi cewa auduga jaruma ce, tana jure ruwan zafi da dirza, sai dai in ta sha gumi riƙewa take yi. Ta gora tana da laushi, ba ta gurzar fata, ƙafa ta fi sakewa a cikinta, amma 'yar gata ce. Ba ta son ruwan zafi, tana jinkirin bushewa a igiya, diddigenta kuma ba ya daɗewa.

"Mai lafiyar ƙafa da silifas, auduga ta ishe shi. Kai mai but da suga, sa gora. Kowa da tasa."

Kuma shi ya gano rabin matsalata ba a safar take ba. Ya ga na yi alwala na zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa, na danna cikin but, ina saurin komawa bakin get. Haka nake yi azahar da la'asar, shekara da shekaru. Washegari ya ba ni wani ɗan ƙyallen tawul da ya kalmashe bakinsa da hannunsa.

"Tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ogan naka ba zai mutu a minti biyu ba."

In sabon kaya ya zo, sai ya ware mini marasa ɗinki a kan yatsu, masu sakakken baki da ba ya shaƙe ƙwauri. In babu, ya ce in juya ta baibai in sa, ɗinkin ya koma waje.

Rukayya ta gama karatu, tana aiki yanzu. Ta ce duk mai sugan da ya zo wurinta sai ta ce ya sa farar safa, ya riƙa duba cikinta kullum kafin ya wanke. In an tambaye ta a wane littafi ta gani, sai ta ce malaminta a Gyaɗi-Gyaɗi yake, ƙarƙashin lema. Ranar da na gaya masa haka, a nan na ga haƙoransa.

Ina alfahari da na san mutumin nan. Ni da ban gama makaranta ba, Allah ya haɗa ni da farfesa a bakin titi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe mako uku ke nan, ranar Juma'a bayan an sauko. Ya ce akwai wani tsohon abokin aikinsa na masaƙa a Unguwa Uku, Baba Idi. Shi ma suga, ga ciwo a ƙafa yana ta shafa masa toka da man shanu, ya rantse ba zai je asibiti ba, wai yankewa za su yi.

"Ni ya raina ni, tare muka ci kwakwa. Kai kuma bakinka ba ya gajiya. Zo mu je ka cire but ka nuna masa, ya ga wanda ya je asibiti ya dawo da tasa."

Na ce Juma'a mai zuwa, in sha Allahu.

Juma'ar ta zo, na tafi ɗaurin aure. Ta biyun, ba zan yi wa mamaci ƙarya sau biyu a rana ɗaya ba, barci na yi.

Yau a ƙofar gidansa, bayan an sallace shi, na ga wani dattijo zaune a kan tabarma, bai iya bin gawa ba. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayar a naɗe da tsumma. Ban tambayi kowa ba, na san Baba Idi ne. Da muka dawo na je na tsuguna na gaishe shi.

Ya dubi yunifom ɗina. "Kai ne mai gadin da Hamisu ya ce zai kawo mini?"

"Ni ne, Baba."

"Ka makara, mai kawo ka ya tafi."

"Na san hanya. Gobe zan zo da 'yata, ma'aikaciyar lafiya ce."

"In surutu za ka kawo, sha zamanka."

"Ƙafa zan kawo, Baba. Surutun rakiya zai yi."



Na riga na nemi izini a wurin aiki. Gobe da safe ni da Rukayya muna Unguwa Uku, kuma ba zan tashi daga soron nan ba sai da shi a cikin Adaidaita. Ban san abin da mako ukun da na ɓata suka yi wa ƙafar ba. Wannan nauyin a wuyana yake.

Allah ka jiƙan Malam Hamisu, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya wa ƙafafun bayinka, ka tabbatar da nasa a kan siraɗi. Ka ba iyalansa haƙuri, ka rufa musu asiri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko da ta minti ɗaya ce. Ku haɗa da Baba Idi, Allah ya sa ya yarda ya bi mu, Allah ya sa ban makara ba.