Ranar da na kwanta a ƙarƙashin jar mota

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina zaune a Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, ina aikin walda a wani gareji da ke bakin hanyar da ta yi arewa. Tare da abokaina muka taso daga Damagaram. Su suka wuce Libiya, ni na tsaya, don na samu aiki, kuma dama ni ba jarumin tafiya ba ne. Maigidana wani tsohon Balarabe ne wanda maganarsa ta wuni guda ba ta wuce "kawo" da "riƙe nan". Ya ba ni ɗaki a bayan garejin, daga ni sai tabarma sai ɗan murhun gas.

Sauran ranaku aiki yana cinye mini lokaci. Juma'a ce matsalata. Ana saukowa daga masallaci kowa sai ya nufi gidansa, ni kuma in dawo in zauna ina kallon matattun injuna. Akwai 'yan ƙasarmu masu aikin gini a wata unguwa, amma yau kana hira da mutum, mako mai zuwa a ce maka ya wuce gaba ko jandarma sun kwashe shi. Har na daina tambayar mutane sunansu.

Wata rana wani mutum ya shigo garejin da wata ƙaramar jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. A garin da kowa ke neman mota mai tsayi saboda rairayi da duwatsu, wannan abin dariya ce. Ɗan ƙasar ne, amma a Faransa ya girma, wani kamfanin gyaran hanya ya kawo shi. Larabcinsa a karye yake kamar nawa, shi ya sa da ya ji na iya Faransancin lekkol, wato na makaranta, sai ya bar maigidana ya juyo wajena. Ya buɗe wani dogon kwali, ya fito da bututun ƙarfe baƙaƙe, wani a lanƙwashe kamar bakin ƙofa, wasu miƙaƙƙu, da faifan ƙarfe, da jakar noti.

Na ce masa, "Gado ne za a haɗa?"

Ya yi dariya har ya dafa motar. Ya ce sunan abin arso. A cikin mota ake kafa shi, bayan kujerar direba, ya tokare rufin. In mota ta kife da gudu, shi ne ke hana rufin ya murƙushe kan mutum. Sai an cire kujerar baya, a huda ƙasan motar, a sa faifan ƙarfe sama da ƙasa, a ɗaure da noti.

Ni kuwa da girman kan mai walda na ce, "Me ya kai ka wahalar noti? Bari in liƙe maka shi da wuta, ba zai sake motsi ba har abada."

Ya ce, "A'a, huya," wato ɗan'uwa, haka yake kirana tun daga ranar. "Ina son wanda ake kwancewa. Ina da 'ya a Faransa. Ran da za ta zo, a cire wannan a maida kujerarta."

Muka yi aikin tare. Ɗaurin notin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, dole wani ya kwanta a ƙasa ya riƙe, wani yana ɗaurewa daga ciki. Da muka gama ya rasa inda zai ajiye kujerar bayan, sai ya ce in riƙe masa. Na kai ta ɗakina. Ita ce kujera ta farko da na taɓa samu a ƙasar, kuma na yi ta zama a kanta ina harɗe ƙafa kamar wani mai buro, wato babban ɗan ofis.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, ina zaune bayan sallah, sai na ji ƙarar injinsa a ƙofa. Ya ce in zo in ga abin da na ɗaura yana aiki. Muka ɗauki hanyar In Amguel, muka sauka daga kwalta zuwa wani shimfiɗaɗɗen fili mai tauri da kamfaninsu ya taɓa dannewa ya bari. Ya jera tsofaffin tayoyi ya yi wa kansa hanyar tsere mai kwana-kwana. Ya sa hular kwano, ya ɗaure kansa da bel, ya shiga zagaye. Ba abokin tsere, ba mai kallo, sai ni da butar shayi.

Haka Juma'o'inmu suka koma. Ni in hura gawayi a gindin wani dutse, shi ya yi ta gudu har man ya kusa ƙarewa, sannan ya zo ya zauna mu sha shayi. Sau ɗaya ya sa ni a ciki. Tun kwanar farko na fara salati da ƙarfi, ban daina ba har ya tsaya, kuma ban sake yarda ba. Ba mu cika magana ba. Ya faɗa mini matarsa ta ƙi biyo shi saboda tashin hankalin da ake yi a arewacin ƙasar a lokacin, ni kuma na faɗa masa mahaifiyata tana tsammanin ina Libiya ina tara dukiya. Su abokan aikinsa suna ce masa Bafaranshe, can Faransa kuma ana ce masa Balarabe. Da ya faɗi haka na gane abin da ya sa babban mutum kamarsa yake ɓata Juma'arsa da ɗan walda.

Da hutun lekkol ya matso, wata rana ya shigo garejin fuskarsa a sake. Ya ce, "Huya, kwance arso. Suna zuwa."

Muka kwance shi, na jingine shi a bango. Na fito da kujerar daga ɗakina, na wanke ta da sabulu har sau biyu, don kada yarinyar ta ji warin gas da albasa. Muka maida ta, muka toshe hujojin ƙasan motar da roba. Ya sayi wata 'yar raƙuma ta fata a kasuwa ya ajiye a kan kujerar. Na taya shi murna da gaske, duk da na san Juma'ata ta koma yadda take.

Ranar da jirgin ya sauka ban gan shi ba. Na ce yana tare da iyalinsa. Sai ranar Juma'a bayan sallah na ji ƙarar injin. Na fito da sauri ina gyara riga don in gaida baƙi. Shi kaɗai ne a motar. Bai yi aski ba, idonsa ja, 'yar raƙumar tana nan a baya.

Ya ce, "Shiga mu je fili."

Na ce, "Ina baƙin?"

"Ba su zo ba. Uwarta ta ce ba za su zo ba, bana ko baɗi. Shiga."

Na leƙa cikin motar, na dubi arso yana jingine a bango. Na ce to bari mu maida ƙarfen tukuna, kafin la'asar mun gama. Ya ce ba ya bukata. Na sake duban fuskarsa. Na san yadda yake tuƙi in ransa fari ne, kuma ban so in ga yadda zai yi yau ba tare da komai a bisa kansa ba. Na buɗe ƙofa na tura kujerar gaba, na kai hannu zan fara kwance ta bayan.

Ya daka mini tsawa. "Kada ka taɓa kujerar nan!"

Na ce, "To motar nan ba za ta fita ba."

Ya fito ya tsaya a gabana. Ya ce, "Kai wane ne da za ka hana ni? Ko takarda ba ka da ita a ƙasar nan. Kalma ɗaya zan faɗa wa jandarma, gobe kana bayan babbar motar kamiyo an nufi iyaka da kai."

Na sha jin irin wannan maganar a bakin mutane, a kasuwa, a cikin taksi, ba ta taɓa damuna sosai ba. Amma daga bakinsa sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Garejin ba kowa, maigidana yana gida. Ban san lokacin da na ɗauki sifana da faifan ƙarfen nan na kwanta na shige ƙarƙashin motar ba, daidai inda nake kwanciya in za mu ɗaure noti. Ba jarumtaka ba ce, kaina ne bai kawo mini wata dabara ba.

Ya ce in fito. Na ƙi. Ya shiga ya tada injin, motar tana rawa a bisa ƙirjina, zafin bututun hayaƙi yana dukan fuskata. Na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can sai ya kashe. Na daɗe ina jin numfashinsa ta cikin ƙarfen, sannan na ji yana kuka, irin kukan babban mutum da ba ya son a ji. Ban motsa ba. Bayan wani lokaci na ji yana kwance kujerar da kansa, na ga ƙafafunsa sun nufi bango, na ji yana jan ƙarfen. Sai robar da ke saitin idona ta fita, haske ya shigo, ya zuro noti ta hujin.

Ya ce, "Riƙe."

Muka ɗaure shi gaba ɗaya. Na bi kowane noti na sake ja.

Mun isa filin bayan la'asar. Ban hura wuta ba ranar, na tsaya ina kallo. Tun zagayen farko na san ba tuƙinsa ba ne, yana shiga kwana ba ya rage gudu. Bai daɗe ba, a kwanar da ke can ƙarshe, ƙafar baya ta fita daga wuri mai tauri ta kama rairayi. Motar ta tashi, ta juya, ta sake juyawa, ta kife ƙafafunta a sama.

Na yi gudu har takalmina ya fita. Gaban rufin ya lotse, gilasai sun tarwatse, amma daga saitin kansa ƙarfen ya tokare. Yana rataye a bel, kansa a ƙasa, idonsa biyu. Na kwance shi na jawo shi ta taga. Kafaɗarsa ta karye, yana numfashi da ƙyar saboda haƙarƙari. Na jingina shi da taya, na fita bakin kwalta ina ɗaga riga. Wani direban kamiyo da ya fito daga In Amguel ya tsaya, Buzu ne ɗan wajen Agadas, yana jin Hausa. Muka ɗauko shi.

Da muka iso ƙofar asibiti direban ya riƙe hannuna. Ya ce, "Ɗan'uwa, kana da takardu?" Na ce babu. Ya ce, "To sauka nan ka tafi. Haɗari ne, za a yi tambayoyi. Ni zan shiga da shi." Abokina yana kwance idonsa a rufe. Na sauka na tsaya a tsallaken titi har aka shige da shi, sannan na taka zuwa gareji da takalmi ƙafa ɗaya.

Ban iya zuwa duba shi ba. Maigidana ne ya je, ya dawo ya ce mini, "Yana da rai," ya ci gaba da aikinsa. Kamfaninsu ya aika aka kwaso motar. Bayan 'yan makonni maigidana ya tura ni In Ekker in yi waldar wata tankar ruwa, na yi kwanaki a can. Ranar da na dawo, ina ajiye kaya ya kira ni. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba.

Ya ce, "Mutuminka ya zo jiya, hannunsa a rataye. Ya zauna a nan tun hantsi har la'asar yana jiranka. Jirginsa ya tashi yau da safe. Ya ajiye aikin, ya ce tunda ba a kawo masa 'yarsa ba, shi zai je inda take. Ya ce in ce maka ka yafe masa maganar da ya faɗa. Ban san wace magana ba ce."

Na ce na gode. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban fito ba sai da aka kira magariba.

Na ƙara shekara biyu a garin kafin in koma gida. Ban sake jin labarinsa ba, ban san ko ya samu ganin yarinyar ba, ban san ko yana raye ba. A lokacin ba waya a hannun kowa, kuma bai zo mana a rai mu karɓi adireshin juna ba, don kullum muna ganin akwai wata Juma'ar a gaba.

Yanzu ina da garejina, ina da iyali, gidana ba ya rabuwa da hayaniya. Amma in aka tambaye ni wa na sani a Aljeriya, shi kaɗai ke zuwa mini a rai, mutumin da ban taɓa shiga gidansa ba, kuma wanda ya faɗa mini maganar da ta fi kowace ciwo a ƙasar. Abin da na fahimta daga baya shi ne, wanda kaɗaici ya ci ƙarfinsa, na kusa da shi yake fara yi wa rauni, don ba shi da wani. Ni na yafe masa tun ina kwance a ƙarƙashin motar, tun kafin ya kashe injin. Abin da ke damuna har yau shi ne ya hau jirgi bai sani ba, kuma ba ni da inda zan aika masa.