Wanda Ya Fara Cire Hannu

Jiya ƙamshin daddawa ya buge ni a kasuwar Tsanyawa, sai Baba, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai. In ana cin tuwo a zaurensa, wanda ya fara cire hannu yake lura da shi, ya tura masa kwanon.

Da aka zaɓe ni shugaban ɗaliban sashenmu a kwaleji, na zo ina ta zuba masa labari. Ya lashe miyar yatsunsa, ya ce, "A taron naku, wa ke fara cire hannu?"

Na yi dariya. "Baba, taro ne fa, ba tuwo ba."

Akwai wani Sani, ɗan Bagwai. Ya miƙe zai yi magana a taronmu, Turanci ya sarƙe masa, aka kwashe da dariya. Ni ke jagoranci, na ce a wuce. Ya koma bencin baya, ya daina zuwa taro, ya daina zuwa aji. Sai da zango ya ƙare na lura.

Har yau in na shiga taro, bencin baya nake fara dubawa, in ji kamar Baba na zaune can yana jiran amsa.

Allah ya haskaka kabarinsa. Sani kuma, Allah ya sa ya yafe mini.